Makulli Na Biyu Daga Lome

Tun da na dawo daga Lome ban sha kokona da zafinsa ba. Duk inda na zauna, a rumfa ko a ƙofar masallaci, sai wani ya matso ya ce, "Ɗanjuma, wai da gaske ka ƙetare iyakar Faransi saboda makulli guda?" In na fara ba da labari, wani ya iso a tsakiya ya ce a koma farko. Har an soma ƙara masa gishiri. A nan Kumasi, a unguwar Asawase an ce ɗaure ni aka yi, a Akwatiya Layin kuma an ce wani Bafaranshe ya tashi ya ba ni kujerarsa. Ba a ɗaure ni ba, ba kuma wanda ya ba ni kujera. Ga yadda aka yi, na rubuta sau ɗaya, wanda bai iya karatu ba ya sa a karanta masa.

Ni da Yaya Bawa ba uwa ɗaya ba uba ɗaya. Gammo ne ya haɗa mu, tun muna ɗaukar huhun goron wasu a ka daga tasha zuwa Zango. Yau rumfarmu ɗaya, sitonmu ɗaya. Shi ya san goro, in ya fasa ɗaya ya sansana zai gaya maka dajin da ya fito. Ni na san hanya da mutane. Ba wanda ya ba mu jari, ba kuma wanda ya taɓa jin kanmu.

Bara muka sayi mota a hannun wani Kwara, cikin Larabawan nan masu kantuna, da zai koma Abijan. Baƙa ce, ƙirar Faransa, sitiyarinta a hagu, ba irin na nan ƙasarmu ta Gwalkwas ba. Makullinta ɗaya tak, ya ce ɗayan ya ɓata tun kafin ta shigo ƙasar. Ba mu damu ba, don cikinmu ba wanda ya iya tuƙi. Muka ɗauki Sajan Awuni, tsohon soja da ya tuƙa manyan motoci a yaƙin Bama, ya zama direbanmu.

Abin da ba mu lissafa da shi ba shi ne bakin Zango. Da farko makullin a wurin Yaya Bawa yake kwana, tunda shi ne babba. Sai aka riƙa gaishe shi da "mai mota", ni kuma in na aika a karɓo, a ce Ɗanjuma ya je aro. Muka gyara, muka mai da shi mako-mako. A wani makon nawa na tafi dajin bayan Ofinso duba goro, a lori, don hanyar ba ta ƙaramar mota ba ce, makullin kuwa yana aljihuna kamar yadda muka shirya. Ruwa ya cinye hanya, na kwana can. Washegari da safe surukan Yaya Bawa suka sauka daga Salaga don sunan jikansa, alhali ya riga ya aika musu cewa mota za ta ɗauko su. An goge mota tana ƙyalli, Sajan ya sha kaki, jama'a sun kewaye ta, babu makulli. Surukai suka zo a ƙasa da kaya a ka, suka wuce ta gaban motar.

Da na dawo bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Ɗanjuma, ran Juma'a ta sama, in an sauko, zan kira dattawa. A sayar da motar, a raba rumfa, kowa ya kama gabansa tun muna gaisawa."

Wanda ya san Yaya Bawa ya san ba ya faɗar magana sau biyu. Ni kuwa ban ga dalilin da ɗan ƙarfen da bai kai tsawon yatsa ba zai rushe abin da muka gina tun muna samari ba. Na ce a raina, in makulli ɗaya ne ciwon, maganin na biyu ne.

Na fara da Na-Allah maƙeri, wanda ke yi wa rabin Zango makullan akwati. Ya tsare Sajan a bakin hanya ya juya makullin a hannu, ya ce, "Haƙoran nan ba komai ba ne, da magagari zan fitar da su kafin ka gama cin goro. Amma ka ga waɗannan kwari da aka ja daga wuya har baki? Biyu a nan, ɗaya a baya. Inji ne ya ja su. In na ƙera maka nawa, ya shiga ya ƙi fita, ni za ku zaga." Na je kantin Turawa a unguwar Adum, akawu ya ce su motocin Ingila suke sayarwa, sai dai a aika Faransa a jira jirgin ruwa. Wani kafinta mutumin Anloga, wanda ke yi mana akwatuna, shi ya ce mini, "Alhaji, je Lome. A can irin motarka kamar awaki suke."

Neman makullin a wurin Yaya Bawa a wannan hali ƙarin wuta ne, makon kuma nasa ne. Saboda haka ranar da Sajan ke wankin mota na zo da sandar sabulu, na yanka biyu, na danna makullin a jiki, gaba da baya. Sajan ya tsaya yana kallo da soso a hannu.

"Massa," in ji shi, "wannan aiki, a soja ɓarawo ne yake yi shi."

Na ce, "Ɓarawo ba ya satar motarsa, Sajan."

Ya ce, "To. Ni bai gani komai."

Don kada sabulun ya bushe ya tsage, na naɗe shi yadda na iya naɗe komai a duniya, wato cikin ɗanyen ganyen fita, na ɗaure da igiya kamar ɗan ƙunshin goro. Na gaya wa gida na tafi Ankara, babban birninmu na bakin teku, duba kasuwa.

Jirgin ƙasa na shiga. Ba abin faɗa a kai sai hayaƙin gawayi da ya mai da farar rigata ruwan toka kafin Nkoko, da masu sayar da burodi a Nsawam da ke cusa maka shi ta taga ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba. A Ankara na sauka wurin wani abokin cinikinmu kusa da tashar Tudu. Aka kawo dokunu, tuwon masararsu da ake dafawa cikin ganye, da soyayyen kifi da barkonon da ya sa na tuna duk zunubaina. Mutanen bakin teku ba su san miya mai yauƙi ba, abincinsu duk a tsaye yake.

Da safe na hau lorin gabas, mai bencin katako. Kusa da ni wata 'yar kasuwa ce, irin da muke kira Maame, mai kwandon busasshen kifi, ta cika gurbin mutum biyu, ta biya na ɗaya. Ta ga ƙunshin ganye a cinyata, ta miƙo hannu da 'yar Hausarta ta kasuwa.

"Papa, ba ni goro."

Na ciro mata ɗaya daga aljihu. Ta duba shi ta ce, "Ba wannan ba. Na cikin ganye. Mai kyau ɗin ka ɓoye."

Na ce wannan ba na ci ba ne. Ta juya ta sanar da lori duka, da Turanci da yaren Ga da wani yaren da ban sani ba, cewa ga Bahaushe ya rungume goro kamar jariri. Daga nan har bakin kogin Firaw sunana "Papa rowa". A can aka sauke mu aka tura lorin cikin jirgin fito, muka tsaya a gefensa ruwa na marin ƙarfe. Jirgin ya yi wata girgiza, sai ga Maame ta riƙe hannun rigata da hannu biyu tana kiran Yesu. Na ce mata mai rowa ba ya ba da aron hannun riga. Ta yi dariya har da hawaye, da muka haye ta ba ni kifi guda mafi girma a kwandon.

Bayan kogi ƙasa ta zama yashi da kwakwa, har Aflawo, inda iyaka take. Iyakar ma ba wani abu ba ce, sanda ce aka gitta a hanya, gida ɗaya na wannan gefe, maƙwabcinsa na wancan, yare ɗaya suke yi. 'Yan kwastan na gefen Ingilishi suka duba ni suka ce in wuce. A gefen Faransi wani ɗan kwastan, dogo, mai gajeren wando da doguwar safa, ya nuna ƙunshin da sandarsa. Ya iya Hausa sarai, ya ce a Zangon Lome ya tashi.

"Goro ana biya masa, Alhaji. Kwance."

Na kwance. Ya ɗaga sabulun ya karkata shi ga rana, ya ga hoton makulli kwance a ciki, gaba da baya, kowane haƙori a fili. Fuskarsa ta canja. Ya kira ɗan'uwansa, suka yi magana da Faransanci, aka ce in shiga ciki in zauna a benci. Lorina ya tafi ya bar ni.

"Kantin wa za ka fasa a Lome?" in ji shi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka taɓa ganin ɓarawo ya biya kuɗin jirgi da na lori da na fito, ya zo ya miƙa wa ɗan kwastan kayan aikinsa da hannunsa?"

"Na ga wawayen ɓarayi."

"To dube ni da kyau, ka ga na yi kama da wawa?"

Ya dube ni sama da ƙasa. Sai na ba shi labarin tun daga gammo har zuwa surukan Salaga. Ban roƙe shi ba, ban sa hannu a aljihu ba. Da na kai inda suka wuce ta gaban mota da kaya a ka, sai ya tuntsire da dariya, ya fassara wa ɗayan, shi ma ya kama ciki. Ya ce shi da wansa sun gaji kwalekwale ɗaya da taru ɗaya, yau shekara da shekaru ba sa cin abinci a kwano ɗaya. Ya naɗe mini sabulun da kansa, naɗin da bai iya ba, ya ce, "Tafi. Amma kada ka nuna wa kowa wannan a Lome sai mai yankan makulli. Ba kowa ne zai tsaya jin labari ba."

Na riƙe wannan shawara da kyau. Ita ce kuwa ta kusa kashe ni.

Daga iyaka zuwa cikin gari tafiyar ƙafa ce. Abin da na fara lura da shi, motoci duk a hannun dama suke bi. Na kusa shiga gaban wata don na duba ɓangaren da na saba. A nan na gane motarmu ba ta da wani aibu, da ake ta cewa an ɗaura mata sitiyari a baibai. Ashe baƙunta take yi a wurinmu. Ga 'yan'uwanta nan kuwa jere a bakin kasuwa, baƙaƙe, suna haya.

Asabar ce, rana ta riga ta karkata. Na nufi kantunan ƙarfe kai tsaye, na tarar da kowanne a rufe. Aka ce mini haka Faransi suke, in rana ta yi tsaka sai su kulle su tafi cin abinci su kwanta, ranar Asabar kuwa ba sa dawowa sai Litinin. Na yi mamaki ƙwarai. A Kumasi in mai saye ya buga maka ƙofa kana cikin wanka, da kumfa a kunne za ka fito.

Na nemi Zango, na sauka gidan Alhaji Mamman, dattijon fatoma da fataken goro ke sauka wurinsa tun zamanin Jamus. Ban taɓa ganinsa ba, amma ya san sunan rumfarmu. Kun san ƙa'idar gidan fatoma: baƙo ba ya kwana da kayansa. Kana sauka za ka miƙa, a kai ɗakin ajiya, maigida ya riƙe makulli. In ka ce a bar maka wani abu a gefenka, ka ce masa ɓarawo ke nan a cikin gidansa. Ya miƙo hannu, na ba shi jakata, na ba shi ƙunshin. Na buɗe baki zan ce wani abu, na tuna zaure cike yake da baƙi, na tuna maganar ɗan kwastan, na bari ya tafi da shi.

Na ci hutun dole. Na ga burodinsu dogo kamar sandar makiyayi, mai ɓawon da ke yanka dasashi, suna tsoma shi cikin kofi a kwano, ba a kofin shayi ba. Na ga kasuwarsu, wadda mata ne ke riƙe da ita tun daga atamfa har ƙusa, mazan suna ɗauko musu kaya. Na ci tuwon masararsu mai tsami da miyar kuɓewa da kaguwa a ciki, na ajiye kaguwar gefe don ban san ta inda ake shigarta ba. Na je na ga gadar da ta shiga cikin teku, inda ake ɗaga mutane da kaya a cikin keji a sauke su a ƙananan jirage. Hausar Zangonsu kuma ta sha Faransanci kamar yadda tamu ta sha Tiwi, yaren Asante, sai ka ji rabin magana ka cike sauran da kai.

Ran Litinin da safe na ce wa Alhaji Mamman ina son ɗan ƙunshina. Ya tafi da kansa ya ɗauko, yana tafe yana fara'a.

"Ɗana, ka ga ban bar wa yara ba. Iskar teku mugunta gare ta, tana busar da goro a yini ɗaya. Safe da yamma da hannuna nake yayyafa masa ruwa. Jiya ma na ƙara, na ga ganyen ya yi laushi."

Ƙunshin na ɗiga. Na kwance igiya a gabansa. Abin da ke ciki ya zama kamar kamu, fari, mai santsi, kumfa na fita ta tsakanin ganye. Babu haƙori, babu kwari, babu komai.

Tsohon ya sunkuya ya duba, ya sa yatsa ya sansana. "Ikon Allah. Shekarata sittin ina harkar goro, ban taɓa ganin mai kumfa ba. Na wane daji ne?"

Wallahi saura kaɗan in yi masa faɗa. Amma me tsohon ya yi? Abin da ni kaina zan yi wa ƙunshin baƙo ya yi, ganyen fita kuwa ni na naɗa. Na ce, "Baba, sabulu ne, kuma ka kula da shi fiye da yadda ya cancanta. Allah ya saka da alheri." Na ba shi labari a gajarce. Ya riƙe baki, ya ce zai biya mini kuɗin mota in koma in sake dannowa. Na ce a'a. In na koma na dawo, Juma'a ta riga ta wuce.

Na fita kasuwa hannu wofi, don zama ba ya kawo dabara. Aka nuna mini rumfar wata mata da ake kira Da Afi, mai sayar da kwaɗo da ƙusa da fatar ƙofa. Mijinta na zaune a lungu da ɗan injin yankan makulli, ba ya magana sai ta dube shi. Wani ɗan Zango ya yi mana tafinta. Ta ce, "Kawo makulli a yanka maka." Na ce babu. Ta ce, "Kawo motar." Na ce tana Kumasi. Ta ce, "To ka zo gaishe ni ke nan. Na amsa. Matsa, kana tare mini masu saye."

Ban matsa ba, don idona ya riga ya sauka kan wata waya da ke rataye bayan kan mijin. Makullai ne a jere, sababbi, ba ko ɗaya mai haƙori. Baki sumul, amma kowanne da kwarinsa an ja daga wuya har baki. Sai maganar Na-Allah ta dawo mini: haƙora ba komai ba ne, kwarin ne ya gagare shi. Ashe ba mai yanka na zo nema Lome ba. Mai yanka yana Zango, na baro shi yana hura wuta. Ɗanyen makulli kawai na rasa.

Na ce a sauko mini da wayar. Na bi su da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya, har na sami mai kwari biyu a gaba, ɗaya a baya. Da Afi ta ce, "In ka kai Kumasi bai shiga ba, kada ka dawo mini da kuka." Na ce ba zan kai shi Kumasi ban gwada ba. Na bar hulata a kan teburinta jingina, na tsallaka wurin motocin haya, na sami mai irin tamu sak, na ba direban goro biyu farare, na ce ya bar ni in sa wannan a ramin makullinsa. Ya shige har wuya kamar an zuba mai. Na murɗa, ya ƙi juyawa. Direban ya ce, "Ka gani, bai yi ba." Na ce, "Ya yi. Da ya juya, da kai ne ba za ka yi barci ba yau."

Na koma, Da Afi ta ce mijinta zai iya kwaikwayon haƙoran in na zana masa, ban ko tsaya ji ba, muka zauna ciniki. Na yi ciniki da Asante da Kwara da Yarabawan Legas, ban taɓa gamuwa da irin matar nan ba. Ta ga ina so, ta ɗaga. Na tashi na sa hula, ta bar ni na kai bakin titi kafin ta aiko. Sai na ce ba ɗaya nake so ba, wayar duka nake so, kowane iri. Motocin Faransa suna ta shigowa Kumasi daga Abijan da Wagadugu, kowace da makulli ɗaya ko biyu, masu su kuwa mutane ne, za su yar. Nan ta gyara zama, ta kori tafinta gefe, ashe tana jin Hausa tun farko. Muka shirya, har da alkawarin duk lorin goron da zai zo gidan Alhaji Mamman zai komo mini da sabuwar waya. Da zan tafi ta ce, "Matanka nawa?" Na gaya mata. Ta ce, "Kawo ɗaya ta koyi kasuwa, kai ka yi laushi."

A iyaka na tarar da dogon nan. Ya ce, "Alhaji, ina sabulu?" Na ce an yi wanka da shi. Ya zazzage wayar a tebur, ya juya makullan, ya rasa abin da zai kira su, tunda ba abin da suke buɗewa. Ya ce in kwashe in tafi, in gai da yayana.

Na iso Kumasi ran Alhamis da hantsi, ban biya gida ba. Yaya Bawa na zaune a rumfa yana zaɓen goro, an riga an ja huhuna an jera su kashi biyu a sito, nasa da nawa. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba.

"An ce ka je Ankara."

"Na wuce Ankara, Yaya. Lome na je."

Na ciro ɗanyen makullin na ajiye a kan faifan da ke gabansa, cikin goro. Ya ɗauka ya juya. "Wannan fa? Ba shi da haƙora."

"Ba shi da su. Ba kuma zai yi su ba sai an kwantar da shi kusa da naka. In ka ba da naka, Na-Allah ya yanka. In ba ka bayar ba, ƙarfe ne, a ba yara su yi wasa."

Ya ce, "Da me ka je can, tunda makullin na wurina?"

Na gaya masa duka, sabulu da ganye da ruwan Alhaji Mamman. Ban rage komai ba. Da na zo kan goro mai kumfa na ga gemunsa na rawa, ya danne dariya. Sa'an nan ya dube ni sosai, karo na farko tun ranar suna.

"Ɗanjuma, da ka shigo nan da makulli yankakke, wanda aka yi a bayan idona, da ko Juma'a ba zan jira ba. Da yau za mu raba."

Na ce, "Na sani, Yaya. Tun a Lome na gane haka, shi ya sa da matar ta ce mijinta zai iya kwaikwayon haƙoran in na zana masa, ban ko tsaya ji ba."

Ya sa hannu a aljihun ƙirji, ya kwance makullin daga sarƙarsa, ya miƙe. "Tashi mu je. Ba zan ba wa kowa ya kai ba."

Muka tafi a ƙasa, shi a gaba ni a baya, kamar zamanin gammo. Kafin mu kai maƙera rabin layi ya biyo mu. Na-Allah ya haɗa tsoho da sabo baya da baya ya matse su a bakin ƙarfe, ya ɗauki magagari. Muka zauna a benci ɗaya, don benci ɗaya ne a wurin. Da ya gama aka kira Sajan, aka ɗunguma zuwa inda motar take. Sajan ya sa sabon, ya murɗa. Ya ƙi. Wani daga baya ya ce, "An tafi Lome an sayo ƙusa!" Aka yi dariya. Ban juya ba. Na-Allah ya karɓa ya duba inda ƙarfen ya goge, ya ja magagari sau biyu a haƙori na ƙarshe, ya hure, ya mayar. Sajan ya murɗa, ya ja sitata, mota ta ɗauka. Mai maganar ƙusa shi ya fi kowa ihu.

Yaya Bawa ya karɓi makullan biyu ya auna su a tafin hannu. Ya miƙo mini tsohon, ya sa sabon a sarƙarsa. Na ce ai tsohon nasa ne. Ya ce, "Wanda aka sha rana aka ƙetare kogi dominsa nake so." Sai ya juya wurin maƙeri. "Akwai sauran irin wannan a wayar?"

Na ce akwai.

"To a yanka na uku a ba Sajan. Mu biyu mun kusa raba rumfa a kan abin da ko an ba mu ba mu san yadda ake tayar da shi ba."

Sajan ya ƙame ya sara masa. "Massa, tun bara ni yana so faɗi wannan."

Dattawan da aka kira sun zo ran Juma'a, suka tarar ana mai da huhuna wuri ɗaya, suka ci goro suka yi addu'a suka tafi. Wayar Da Afi tana rataye yanzu a maƙerar Na-Allah, masu motocin Faransa har daga Tamale suna zuwa, ribar kuwa rumfa take shiga, ba aljihuna ba. Masu tambaya ko tafiyar ta biya, amsarku ke nan.

Nawa makullin da na Yaya Bawa kuwa, tun ranar ba wanda ya sake shiga ramin motar. Na Sajan ne ke aiki. Amma in kun ga baƙar mota ta nufi masallaci ran Juma'a, ku leƙa kujerar baya. Za ku gan mu mu biyu, kowa da sarƙarsa a ƙirji, kuma duk wanda ya ce "sannu mai mota", tare muke amsawa.